Yadda Tagogi Suka Tona Asirin Jabez Firth

Ni ce mai wanke tagogin ɗakin sujadarmu na Aldroyd, guda goma sha biyar, bakwai a ƙasa takwas a sama, kuma shekara ashirin ke nan ina wannan wahala da guga da tsumma. Saboda haka in za a yi maganar tagogin nan a bar ni in yi, don babu wanda ya san su kamar ni. Amma labarin na Jabez Firth ne, mijin yayata Dorcas, mutumin da ya yaƙi tagogin nan da iya ƙarfinsa tun ba a kafa ko ɗaya ba, suka kuma kayar da shi a gaban mutum ɗari uku.

Jabez masaƙi ne, kamar kowa a kwarinmu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga kunnuwa a baje, ga fara'a ko da gawayi ya ƙare a gida. Abin da Allah ya hore masa shi ne murya. In ya tsaya a ƙofarsa ya kira karensa, karnukan tsallaken rafi ne suke fara amsawa. Ranar Lahadi shi ke ba da layi, wato ya tsaya ƙarƙashin mumbari da littafin waƙoƙi a hannu, ya faɗi layi ɗaya da ƙarfi, jama'a su rera, ya faɗi na gaba, su bi, har a kai ƙarshe. Shi ke ɗaukar murya, shi ke sa sauri, don mu ba ma kiɗa a wurin sujada.

Dalilin ba da layi kuwa duhu ne. Tsohon ɗakinmu siton ciyawa ne a bayan marina, kakanninmu suka zaɓe shi a zamanin da ake cin tara da ɗaure duk wanda ya ƙi zuwa cocin sarki. Taga ɗaya gare shi, can sama, ko kan maraƙi ba zai shiga ba. Akwai 'yar ƙofar baya da mai wa'azi zai sulale cikin gonaki in 'yan doka sun zo. Dokar ta sassauta tun kafin a haife ni, amma mun saba da duhun har muna alfahari da shi. Mutane ne da kowa ya iya karatu, ga su zaune ba mai ganin tafin hannunsa, sai Jabez kaɗai da aka ce idonsa ya fi na mage.

To, ga maganar da ta sa nake wannan rubutu. Jabez bai san harafi ko ɗaya ba. Mu biyu muka san haka, Yaya Dorcas da ni, ni ma don bango ɗaya ne tsakanin gidajenmu, bangon kuma ba kauri.

A wani garin wannan ba abin magana ba ne, a wurinmu kuwa abin kunya ne babba. Kakan Dattijo Sugden, babban dattijon ikilisiyarmu, wata tara ya yi a kurkukun York don ya ce ba ya bukatar limamin sarki ya karanta masa Maganar Allah, yana da idonsa. A gidajenmu kafin mutum ya iya ɗaura takalmi ya iya haɗa baƙi. Jabez maraya ne, ya tashi a hannun mutanen da ba namu ba, yana naɗa musu zare tun yana ɗan shekara biyar. Da ya girma Yaya ta gwada koya masa, ya ce baƙaƙen yawo suke masa a takarda kamar kiyashi.

Yadda aikin ya faɗo masa ma abin dariya ne. Yana da shekara ashirin da biyu ya fara zuwa sujadarmu, kuma kowa ya san Dorcas ce ta jawo shi, ba wa'azi ba. Wata Lahadi tari ya sarƙe tsohon mai ba da layi ana tsakiyar waƙa. Jabez daga can baya ya faɗi layin, don abu in ya ji sau ɗaya ya zauna masa. Aka waiwaya, aka ce ga murya, aka tura shi gaba, wani ya danƙa masa littafi. Babanmu na zaune a bencin farko yana kallonsa. Jabez ya dubi littafin, ya dubi babanmu, ya buɗe. Shekara talatin da ɗaya bai rufe shi ba.

Kowace Asabar da hantsi Yaya takan ja kujera kusa da masaƙa da littafinta. Tana karantawa yana jefa ƙoshiya, ƙafafunsa na taka masaƙa daidai da tafiyar layin. Sau biyu ya ishe shi. Kafin 'yarsu ta fari ta yi aure, waƙoƙin littafin nan duka suna kansa har da lambobinsu. In wani ya miƙo masa wasiƙa a kasuwar Halifax, sai ya girgiza kai ya ce idonsa na ranar Lahadi ne, ba ya ɓata shi a kan zancen duniya. Maimakon a gane shi, sai girmansa ya ƙaru. Tsofaffin mata har tambayarsa suke da me yake wanke ido, ya ce da ruwan rijiya.

A shekara ta 1768 aka kawo mana sabon mai wa'azi, Malam Lister, ɗan shekara ashirin da shida, dogo siriri, ya fito daga makarantar da mutanenmu suka kafa wa 'ya'yansu don an hana su jami'o'in sarki. Ya zo da akwati cike da gilasai da ma'aunai, har ruwan sama aunawa yake a bayan gida. Lahadinsa ta farko ya buga goshi da gungumen rufi sau biyu. Da sanyi ya kankama dusar ƙanƙara ta tsaga gungumen nan, aka ce dole a yi sabon gini. Bayan sujada aka zauna taro, Malam ya shimfiɗa takarda a ƙofa, inda akwai ɗan haske.

Bango takwas ya zana, ba huɗu ba. Babu bagadi, babu ginshiƙin da zai tare wa wani gani, babu hasumiya. Mumbari a bango ɗaya, da faifan katako a samansa don ya turo murya, benci duka suna fuskantarsa, bene ya zagaye ɗakin ta ciki. Ƙofa kuma ta kalli babbar hanya.

"Allahn da ya ba mu hankali shi ya ba mu rana," in ji Malam. "Ba ya bukatar duhu don a ji tsoronsa. Ina son mai wanke ulu ya ji ni kamar yadda mai sayar da ulu zai ji ni. Ina son kowa ya ga littafinsa, in na faɗi abin da babu a ciki ya ɗaga hannu. Gilashin kuma fari tas, ba mai launi irin na cocin sarki ba."

Jabez ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja.

"Malam, tagogi nawa ka ce?"

"Goma sha biyar, Ɗan'uwa Firth."

"Goma sha biyar! Ɗakin sujada za mu gina ko fitila? Sanyin Janairu zai kashe tsofaffi."

"Za a sa murhu."

"'Yan cocin sarki za su jefe su da duwatsu."

Dattijo Sugden ya ce, "Rabon da a jefe mu shekara hamsin, Jabez. Na ƙarshen da ya jefe mu ya mutu, ni na ɗinka masa likkafani."

"To samari fa? In haske ya yi yawa, 'yan mata za su riƙa kalla, ba mumbari ba."

Tabitha Clegg, gwauruwa mai shekara saba'in, ta ce, "Kai da ka zo kallon Dorcas a cikin duhu, me hasken ya rage maka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Jabez bai haƙura ba. Ya ce kakanninmu a duhu suka roƙi Allah ya ji su. Ya ce bene zai rufto. Ya ce bango takwas almubazzaranci ne tunda huɗu ma suna riƙe rufi. Ni ina bayan Yaya ina cizon leɓe, don na san abin da ke cin sa, tausayinsa da dariya suna kokawa a cikina. Aka ce a ɗaga hannu, yadda muke yanke kowace magana. Hannu uku suka goyi bayan duhu. Da aka zo na tagogi, sai ga hannun Yaya a sama.

A hanyar gida ya ce mata, "Har da ke, Dorcas?"

"Har da ni, maigida. Shekara talatin ina zama ɓeraye na bi ta kan ƙafata ban san girmansu ba."

"Kin fa san abin da zai same ni."

"Na sani. Na gaji da duhun ne, na kuma gaji da ɓoyon."

Wani abu game da Jabez, in an kayar da shi ba ya riƙo. Wata goma sha huɗu ana gini, kowa na ɗauko dutse daga mahaƙar bayan gari in ya tashi daga saƙa, babu wanda ya ɗauka kamarsa. Yana ɗauka yana waƙa, yana yi wa maginin tsiya wai bangonsa ya kasa yanke shawarar inda zai nufa. 'Yan cocin sarki in sun zo wucewa sukan tsaya su tambaya kajin wa ake yi wa wannan akurki. Jabez ya ce na waɗanda ba a yanka wa bishop, babban limamin cocinsu. Sai dai na lura duk ranar da aka kafa sabuwar taga, kununsa na yamma ba ya ƙarewa.

Saura mako biyu a buɗe ɗakin, Malam ya zo gidansu shan shayi. Ni ma na shiga aron gishirin da ba na bukata.

"Ɗan'uwa Firth," in ji shi, "littattafan waƙa sun iso daga Leeds, kowane gida zai sami nasa. Da haske da littafi, ba da layi ya ƙare."

Na ga fuskar Jabez ta sake, har ya kai hannu ga gurasa. A ransa ya tsira, zai koma benci da mutuncinsa.

"Amma ba zan yarda a ajiye mutum irinka ba. Na sa kafinta ya yi maka tebur a ƙarƙashin mumbari, daidai inda hasken tagogin sama ke haɗuwa. Dattijo Sugden ya ba da babban littafin Allah kyauta. Daga yanzu kai za ka riƙa karanta mana babin kowace Lahadi, kuma da kai za a buɗe ɗakin."

Shayi ya sarƙe Jabez, sai da Yaya ta bubbuga masa baya. Malam ya ɗauka murna ce, har idonsa ya ciko. Yaron kirki ne, Allah ya sani, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wa mutum illa da kyakkyawar niyya kamarsa ba.

Da ya tafi Jabez ya ce zai kwanta ciwo. Yaya ta ce ciwon Lahadi nawa? Ya ce za su koma Lancashire. Ta ce shi kaɗai. Ta ɗauko nata littafin Allah ta ja kujera, ta ce a fara da wannan Lahadin, ta gaba Allah na nan. Babin kuwa dogo ne, cike da sunaye masu karya haƙori. Kwana goma ina jin sa ta bango har ni ma na kusa haddacewa.

Ranar Juma'a da safe na buɗe musu sabon ɗakin da makullina don a gwada. Rana ta shigo ta kowane gefe, fentin fari na ɗaukar ido, ƙamshin sabon katako ko'ina. Jabez ya tsaya a teburinsa, ni na hau bene na leƙo.

"Keziah, me kike gani?"

"Komai, Yaya Jabez. Har dattin farcenka."

"Rubutun fa?"

"Zan iya karantawa daga nan. Kuma kana kallon shafin hagu alhali maganar tana na dama."

Yaya ta zauna a bencin farko ta ce za ta riƙa raɗa masa in lokacin juya shafi ya yi. Ta sunkuya ta ce "juya" a hankali. Na ce mata daga bene na ji, kamar a kunnena ta faɗa. Malam ya gina ɗakin da ba a raɗa a cikinsa. Sai ta fito da jan zaren ulu daga aljihu, ta tsinka biyu, ta sa ɗaya inda babin ya fara, ɗaya a shafin da ke biye. Ta koya masa inda zai ɗora yatsa, yadda zai gangara da shi, da kalmar da in ya kai zai juya. Sau huɗu ya yi babu tuntuɓe. Muka rufe littafin da zaren na leƙowa, muka tafi gida da ƙwarin gwiwa.

Lahadin buɗewa ta faɗo a watan Yuni, rana fes. Na riga kowa zuwa, ina bene ina goge benci, mutane suka fara kwararowa, har 'yan cocin sarki sun zo kallon akurki. Sai ga Dattijo Sugden ya nufi tebur don ya duba kyautarsa. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya ga jan zare biyu na reto daga cikin littafin. Na ga wuyansa ya sandare.

"Wa ya rataya wa Maganar Allah ado?" Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma ɗakin ya kawo mini. "Yau jan ƙyalle irin na cocin sarki, gobe kyandir, jibi a ce mu durƙusa wa bishop. Ba a ɗakin nan ba."

Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya murza ya cusa a aljihu, ya daidaita littafin a rufe. Na ruga matakala, amma mutum ɗari na hawowa ni kaɗai nake son sauka, wata ƙatuwar mata daga Halifax ta mayar da ni benci da gwiwar hannu. Ina ji ina gani Jabez ya shigo da rigarsa ta aure, yana gaisawa da mutane yana murmushi.

Malam ya yi addu'a, ya yi 'yar magana a kan ɗakin, cewa ga mu yau a bakin hanya, ƙofa a buɗe, babu lungun ɓuya domin ba mu da abin ɓoyewa. Sannan ya kira Ɗan'uwa Firth.

Jabez ya tsaya a tebur. Ya shafa gefen littafin, ya shafa ƙasa, ya ɗaga shi ya leƙa. Ya buɗe tsakiya. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Mutanenmu kuwa ba su iya ganin ana neman wuri a littafi su yi shiru.

"Ka wuce shi, Jabez!" in ji wani daga bene.

"Baya, baya!"

"Haba, ya yi baya da yawa, gaba kaɗan!"

Tabitha Clegg ta ce, "Ku ƙyale bawan Allah, hasken ne ya kashe masa ido. Ya faɗa muku tun farko."

Malam ya sunkuyo daga mumbari. "Ɗan'uwa, in hasken ne, bari in karanta yau, ka huta."

Ga ƙofa an buɗe masa. Da ya ce "eh, Malam", da shi ke nan, ido ya lalace, ya sauka da girmansa har ya mutu. Na riƙe katakon bene ina roƙon Allah ya sa ya ce eh. Jabez ya dubi Yaya, Yaya ba ta motsa ba. Ya rufe littafin a hankali ya ɗora hannuwansa biyu a kai.

"Ba haske ba ne, Malam. Idona lafiya lau. Ban iya karatu ba ne. Ban taɓa iyawa ba."

Ƙasa ƙasa ya yi maganar, Malam kaɗai yake nufi, amma babu kunnen da ba ta shiga ba. Ni kam hawaye ne suka zubo mini, rabi na tausayi rabi na haushin taurin kansa.

Dattijo Sugden ya miƙe. "Shekara talatin da ɗaya kana riƙe da littafi a gabanmu."

"Ina riƙe da shi, Dattijo. Ban taɓa cewa ina karantawa ba, amma na bar ku kuna zato, wannan ma ƙarya ce. Dorcas ke karanta mini ranar Asabar."

"Ikilisiya za ta zauna a kan maganarka ranar Laraba. Sauka."

Jabez ya sauka ya zauna a bakin benci, kansa a ƙasa. Malam ya karanta babin da kansa, ya yi tuntuɓe a sunaye uku da Jabez ke faɗa kamar sunayen 'ya'yansa. Da ya gama ya faɗi lambar waƙa. Aka ji ƙarar sababbin littattafai ana buɗewa, kowa ya sunkuyar da kai cikin nasa.

Ban taɓa jin irin abin da ya biyo baya ba, kuma ba na fata in sake. Mu mutane ne da kowa ke karanta wa kansa, ya fahimta wa kansa, ya yi gardama da maƙwabcinsa har ƙofar gida. Ashe haka ma za mu rera. Dattijo Sugden ya ɗauka sama ya ruga, Tabitha ta ɗauka ƙasa tana ja. 'Yan bene na hagu suka kama wata murya, na dama suka kama wata. Ɗakin Malam kuwa bai ɓoye wa kowa komai ba, duk ya kwaso ya zuba mana a ka. Dattijo ya gama baitin farko, ya tsaya yana jiran mutanen da ba su kai rabi ba. Wani kare a waje ya sa baki. 'Yan cocin sarki sun toshe baki da huluna, kafaɗunsu na girgiza.

Aka shiga baiti na biyu, ya fi na farko muni, muryoyi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har saura Tabitha kaɗai, ita ma da ta ji kanta ta yi shiru.

Dattijo Sugden ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya rufe littafinsa. Na san mutumin nan tun ina goyo, ban taɓa ganin ya haɗiye abu mai ɗaci kamar na ranar ba.

"Ɗan'uwa Firth. Ba mu layin."

Jabez ya ɗago. "Ba ni da littafi, Dattijo."

"Wa ya tambaye ka littafi? Tashi ka fid da mu kunya. Maganar Laraba tana nan, kada ka ce na manta."

Ya tashi ya koma ƙarƙashin mumbari. Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya sa su a aljihu, ya fitar, ya mayar da su baya. Ya ja numfashi ya ba da layin farko, mutum ɗari uku suka amsa murya ɗaya, sai da na ji katakon bene na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Littattafan Leeds aka riƙa rufe su ba wanda ya ce a rufe.

Tunda ba takardar da zai kalla, sai ya kalle mu. Na ga idonsa na zagaya ɗakin, benci benci, ya hau bene, ya sauko, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. A layi na biyar muryarsa ta karye, abin da bai taɓa faruwa ba. Na bi idonsa, a kan Yaya yake. Littafinta na rufe a cinya, leɓɓanta na motsi, tana faɗin kowane layi babu sauti, numfashi ɗaya kafin shi.

Ranar Laraba an yi masa faɗa na awa biyu, aka ɗaga hannu, aka bar masa aikinsa, karatun babi kuma aka mayar wa Malam. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana ba da layi hannu wofi, bai koyi harafi ba har Allah ya ɗauke shi. Amma abin da ya zauna mini shi ne hanyar gida a wannan Lahadin. Suna gaba ina baya, muna hawan tudu.

"Dorcas, tun yaushe kike wannan?"

"Wanne?"

"Faɗin layin kafin ni."

"Tun ranar da suka danƙa maka littafin."

"Ai ban taɓa mantawa ba, ko sau ɗaya."

"Na sani."

"Kuma a duhun nan, ko na manta, ta yaya zan ga bakinki?"

"Ba za ka gani ba, maigida. Ni dai ban iya barin ka tsaye kai kaɗai ba ne."

Jabez ya tsaya a tsakiyar hanya ya cire hularsa. Sannan ya kama hannunta, a gaban 'yan cocin sarki da kowa, suka ci gaba da hawa.